Jijiyar jini ta danne tushen ƙwaƙwalwa: a yi aiki, a saka raga, ko a ƙyale ta?

Akwai wani sakamakon hoton MRI da in likita ya karanta wa mutum sai gabansa ya faɗi, wai jijiyar jini ta kumbura ko ta lanƙwashe har tana danne tushen ƙwaƙwalwa. Daga jin haka tambayar da dangi ke yi ita ce yaushe za a yi aiki, nawa ne kuɗin, Indiya za a tafi ko Masar. To ni dai a ganina an yi gaggawar wannan tambayar, dan kafin a zo kan maganar wuƙa akwai abu biyu da ya kamata a fara sani, wace irin jijiya ce ta samu matsalar, sannan da gaske ita ce ke jawo abun da mutum yake ji a jikinsa ko kuwa dai hoto ne kawai ya nuna ta tana kwance a wajen. Mutane da yawa musamman dattawa masu hawan jini in ka ɗauki hoton kansu zaka ga jijiya ta jingina da tushen ƙwaƙwalwa har ta ɗan lotsa shi, amma lafiyarsu lau, suna zuwa kasuwa suna zuwa gona.

Shi tushen ƙwaƙwalwa shi ne inda ƙwaƙwalwa ta haɗe da laka, can ciki ta wajen ƙeya, tsawonsa bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba, kaurinsa kuma kusan na babban yatsa. Amma a ɗan wannan wajen ake sarrafa numfashi, bugun zuciya, haɗiya, tari, da kasancewar mutum a farke. Cikin jijiyoyin saƙo 12 da ke kowane ɓangare na kai guda 10 daga nan suke fitowa, su ne masu juya ido, masu motsa fuska da harshe, masu ji. Duk umarnin da ƙwaƙwalwa za ta aika wa hannu da ƙafa ta nan yake bi. Jinin da ke ciyar da shi kuma yana zuwa ta jijiyoyi biyu da suka hauro ta cikin ƙasusuwan wuya, ana ce musu batibural, in sun shiga ƙoƙon kai sai su haɗe su zama guda ɗaya mai suna basila, wadda take kwance a gaban tushen ƙwaƙwalwar, faɗinta a mai lafiya milimita 3 zuwa 4 ne.

Abun da ya sa maganin wannan matsalar yake da wuya ba ita babbar jijiyar ba ce, wasu 'yan ƙanana ne da ke fita daga jikinta suna nutsawa kai tsaye cikin tushen ƙwaƙwalwa, ko milimita 1 ba su kai ba, kuma kowace ɗaya ita kaɗai ce ke kai jini wajen da take kaiwa, babu mai karɓar mata aiki. Kamar yaɗon kabewa ne da ya kafa saiwoyi a ƙasa duk inda ya bi, ba zaka ɗaga shi ka mayar gefe yanda kake so ba sai ka tsinka wasu. In ɗaya ta tsinke ko ta toshe mutum zai iya tashi da shanyewar ɓarin jiki, in abun ya yi muni kuma ya zama yana ji yana gani amma ba abun da yake iya motsawa sai ido. Duk wata dabara da za a ambata a nan, ƙarshenta tambaya ɗaya ce, ya za a yi da waɗannan ƙananan.

Bari a fara da mai sauƙin, wanda shi ne aka fi sanin maganinsa. Wani lokaci jijiyar jinin ba ta da wani ciwo na a-zo-a-gani, ta dai yi lanƙwasa ne ta kwanta a kan jijiyar saƙo daidai inda ta fito daga tushen ƙwaƙwalwa, duk bugun zuciya tana dukanta har rigar jijiyar ta sale. In jijiyar jin fuska ce, ta biyar, sai mutum ya riƙa jin wani irin zafi kamar jan lantarki a ɓari ɗaya na fuska, na 'yan daƙiƙu, amma fa zafin da ke sa namiji babba ya durƙusa. Ruwan alwala da sanyin asuba yana tayar da shi, asuwaki yana tayar da shi, tauna, magana, ko iskar hunturu ta bugi kunci. Zaka ga mutum ya daina wanke ɓarin fuskar, ya rame saboda tsoron cin abinci, kuma da yawa sai an cire musu haƙori ɗaya biyu har uku kafin wani ya gane ba haƙori ba ne. In kuma jijiyar motsa fuska ce, ta bakwai, sai fatar ido ta fara rawa, a hankali abun ya sauko kunci da gefen baki, fuskar ta riƙa fizga ita kaɗai, har a fara cewa iska ce ko an yi masa sammu.

Na zafin fuskar ana farawa da magani ne, wanda aka fi sani da Tegretol, kuma yana yi wa mafi yawan mutane aiki da farko, sai dai yana sa jiri da barci, yana iya rage gishirin jini, a wasu kuma yana kawo mummunan ƙuraje har fata ta riƙa salewa, shiyasa ba maganin da zaka saya a kemis ka fara sha da kanka ba ne. Na fizgar fuska kuwa allurar Botox ce, tana kwantar da abun na wata 3 zuwa 4 sai a sake. In magani ya gaza shi ne ake maganar aikin raba jijiyar jini da jijiyar saƙo. Walter Dandy a Amurka tun a shekarun 1930 ya lura cewa jijiyar jini ce ke danne wajen, amma Peter Jannetta ne daga ƙarshen shekarun 1960 ya shigo da madubin tiyata mai girmama abu cikin aikin ya kuma yaɗa shi, duk da cewa ya sha suka wajen abokan aikinsa shekara da shekaru kafin a yarda.

Yanda ake aikin, ana sa mutum barci a kwantar da shi ta gefe, a yi yanka a bayan kunne, a buɗe 'yar ƙofa a ƙashi da bata wuce santimita 2 zuwa 3 ba, a tsiyaye ruwan ƙwaƙwalwa kaɗan dan waje ya saki, sai likita ya bi ta lungun da madubi har ya hango inda jijiyar jinin ta kwanta, ya ɗaga ta a hankali ya cusa ɗan ƙullin Teflon, wani abu mai laushi kamar auduga, a tsakani. Duk lokacin nan akwai wata na'ura a kunnen marar lafiya tana ƙaf ƙaf ƙaf, ana kallon allo a ga ko saƙon ji yana isa, dan jijiyar ji tana nan kusa kuma ja kaɗan ke kashe ta. Ƙungiyar Jannetta a Pittsburgh ta fitar da sakamakon mutum 1185 a 1996, bayan shekara 10 da aiki kashi 70 cikin 100 ba sa jin zafi kuma ba sa shan magani, mutuwa kuma kashi 0.2 ce, kurmancewar kunne ɗaya kusan kashi 1. Wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba, tsoho tukuf ko mai ciwon zuciya, akwai hanyar bi ta kunci da allura a ƙona ko a matse jijiyar jin fuskar, ko a haska mata Gamma Knife, wato hasken radiyeshan da ake tattarawa a waje ɗaya ba tare da yanka ba, sai dai waɗannan suna iya barin fatar fuska bata jin taɓawa kuma ciwon ya fi saurin dawowa.

To wannan nasarar ce take ruɗar mutane, har da wasu likitocin. Sai a ɗauka tunda ɗaga jijiya daga kan jijiyar fuska yana aiki, to ɗaga ta daga kan tushen ƙwaƙwalwar kansa ma zai yi. Ba ɗaya ba ne sam.

Akwai yanayin da basila ko batibural ke tsawo, ta yi faɗi, ta karkace, likitoci suna ce masa dolikoektashiya, kuma ma'aunin da aka saba amfani da shi tun 1986 shi ne in faɗin basila ya wuce milimita 4.5. An fi ganinsa a maza masu shekaru, masu daɗaɗɗen hawan jini, da mashaya taba, a wasu kuma gado ne kamar masu ciwon Marfan ko Fabry. Abun da ke faruwa shi ne bangon jijiyar ya rasa danƙonsa, sai ta riƙa miƙewa, da yake waje ya ƙure sai ta lanƙwashe ta shiga jikin tushen ƙwaƙwalwa. Alamun suna zuwa ne a hankali, tafiya ta fara tangaɗi, jiri, ƙwarewa in ana shan ruwa, murya ta dishe, gani biyu-biyu, ƙafa ta yi nauyi, wani lokaci har ta toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa ruwa ya taru. Wasu likitoci biyu a Italiya, Passero da Rossi, sun bi mutum 156 masu wannan matsalar na kusan shekara 12 suka fitar da sakamako a 2008, kashi 60 cikin 100 sun gamu da wata matsala a tsawon lokacin, kuma abun lura shi ne mafi yawanta shanyewar jiki ce ta toshewar jini, ba dannewa ba, ba kuma fashewa ba. A kashi 43 cikin 100 jijiyar ta ci gaba da girma, kuma su ne suka fi shan wahala.

Kaga kenan mutumin da hankalinsa ya tashi kan dannewa, abun da ya fi barazana ga rayuwarsa shi ne gudan jini. Jini a cikin jijiya mai faɗi da lanƙwasa baya gudu yanda ya kamata, yana kwantawa a gefe ya daskare, ya toshe bakin ƙananan jijiyoyin nan ko ya ɓalle ya tafi gaba. Shiyasa ga mafi yawan masu wannan, magani na farko ba wani abun burgewa ba ne, a sauko da hawan jini kuma a riƙe shi kullum ba sai kai ya yi ciwo ba, a bar taba, a kula da suga da kitsen jini, a riƙa maimaita hoto ana auna faɗin. Mutane basa son jin wannan, gani suke likita ya raina ciwon. Asfirin kuma nan ma akwai ja-in-ja, yana rage toshewa amma bangon jijiyar dama mai rauni ne, in ta yi faɗi sosai tsoron zubar jini yana ƙaruwa, dan haka ana auna shi ne mutum-mutum, masu tsinka jini da ƙarfi irin su wafarin kuwa galibi ana kauce musu sai da wani dalili na daban.

In kuma dannewar ce da gaske take ci gaba, mutum yana ƙara lalacewa wata bayan wata kuma an bincika ba a samu wani dalili ba, ana iya aikin janye jijiyar. Amma fa wannan ba siririyar jijiya mai laushi ba ce irin ta zafin fuska, katuwa ce mai tauri, sau da yawa bangonta ya yi ƙanƙara da kitse da alli, in ka cusa Teflon a tsakani ka ƙara cunkoso ne kawai a wajen da dama ya cika. Sai dai a zagaya ta da wani ɗan maɗauri a ja ta gefe a ɗinke ko a maƙale a fatar da ke manne da ƙashin kai, ta zauna can. A wajen jan ne ƙananan jijiyoyin ke iya tsinkewa ko su lanƙwashe, ko ɓarɓashin kitse ya ɓalle, ga jijiyoyin haɗiya da murya a kan hanya, taɓa su kaɗan mutum ya tashi sai an sa masa robar abinci ta hanci. Rahotannin da ake da su a kan wannan aikin na mutane ƙalilan ne, biyar, goma, ashirin, daga cibiyoyin da suka ƙware, wasu sun samu sauƙi sosai, amma ba a taɓa yin gwajin da ya kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda aka ƙyale ba, kuma kowa ya san likita ya fi saurin rubuta aikin da ya yi kyau. Louis Caplan da abokan aikinsa a Boston sun ba da rahoton mutum 9 da batibural ta danne musu ƙasan tushen ƙwaƙwalwa a 2006, matsayarsu ita ce a yi taka-tsantsan da tiyata. Sannan ko aikin ya yi kyau jijiyar tana nan da ciwonta, an matsar da ita ne kawai, haɗarin shanyewar jiki bai tafi ko'ina ba.

Da can Jannetta ya kawo ra'ayin cewa dannewar gefen hagu na ƙasan tushen ƙwaƙwalwa na iya zama sanadin hawan jini a wasu mutane, har aka yi wa wasu aiki a kan haka. Maganar bata tabbata ba har yau, dan haka wanda aka ce masa za a buɗe kansa dan a warkar masa da hawan jini ya nemi ra'ayin wani likitan.

Sai kuma mai wuyar gaske, aniyurizim, wato inda bangon jijiya ya yi rauni ya bunƙuro. In ya kai milimita 25 ana ce masa ƙato, kuma a jijiyoyin baya, wato su batibural da basila, irin wannan yana yin abu biyu a lokaci ɗaya, yana danna, yana kuma iya fashewa. Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 2003 ya nuna ƙaton aniyurizim a jijiyoyin baya haɗarin fashewarsa cikin shekara 5 ya kai kashi 50 cikin 100. A nan kam zama a zuba ido shi ma zaɓi ne mai tsada. In kumburin mai wuya ne, wato kamar jaka da ta fito a gefe ɗaya, likita zai iya maƙale wuyan da ɗan ƙarfe sannan ya huda jakar ya kwashe daskararren jinin ciki, nan take dannewar ta ragu, wannan shi ne fifikon buɗe kai. Cusa zaren ƙarfen filatinam ta cikin jijiya har ya cika jakar, dabarar Guido Guglielmi ta farkon shekarun 1990, tana hana fashewa ba tare da an buɗe kai ba, amma in matsalar dannewa ce to ka cire jini ne ka maye gurbinsa da dunƙulen ƙarfe, girman yana nan.

Matsalar ita ce da yawa daga masu danne tushen ƙwaƙwalwa basu da wuya, jijiyar ce gaba ɗayanta ta kumbura ta ko'ina, kuma ƙananan jijiyoyin daga jikin kumburin suke fita. Ba abun da zaka maƙale. Charles Drake na Kanada, wanda ya yi suna a tiyatar wannan yankin, ya bi wata hanya, a toshe jijiyar da ke kawo jinin da gangan, dan ƙarfin bugun ya ragu, jini ya riƙa zagayowa ta jijiyoyin gaba, wato waɗanda ke haurowa ta gaban wuya. Shi da abokan aikinsa sun ba da rahoton mutum 201 da aka yi wa haka a 1993, kuma abun da ya bambanta wanda ya tsira da wanda bai tsira ba sau da yawa shi ne girman 'yan jijiyoyin da suka haɗa gaba da baya, wani Allah Ya yi masa su manya, wani kuma sirara ne. In kumburin a batibural ɗaya yake kuma ɗayar lafiyayya ce, wannan hanyar har yau tana cikin mafi kyau, a fara gwadawa da balan-balan a toshe na ɗan lokaci mutum yana farke ana masa magana ana duba hannunsa, in ya jure sai a rufe ta dindindin. In jinin zagaye bai isa ba sai a yi dashen hanya, a ɗauko jijiya daga fatar kai a ɗinka ta a jijiyar ƙwaƙwalwa ta baya da zaren da ido baya gani sosai, aikin da likitocin da suka iya shi a duniya ma ba su da yawa.

Da ragar karkatar da jini ta fito an yi murna sosai. Wani ɗan bututu ne na saƙaƙƙen ƙarfe, wanda aka fi sani shi ne Pipeline, mai zare 48, ana shigar da shi ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu a tura har cikin kai a buɗe shi a cikin jijiyar, jini ya bi ta cikinsa, wanda ke gefe ya daskare a hankali, kumburin ya motse, sabuwar fata ta rufe ragar. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011, amma fa dan jijiyar gaba ce, inda ƙananan rassan nan ba su da yawa. Da aka gwada a basila sai labari ya sha bamban, wata ƙungiya a Buffalo ta fito fili a 2012 ta faɗi sakamakonta, mutum 7 masu manyan kumburi marasa wuya, 4 suka rasu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, in kumburin dogo ne sai an jera raga biyu uku wata kan wata, kowace tana ƙara rufe bakin ƙananan jijiyoyin, sannan daskarewar da ake nema ita ce dai take toshe su, ga shi kuma in jini ya daskare kumburin kan ƙara girma na 'yan makonni kafin ya fara motsewa, a wajen da ba sauran fili, shiyasa ake haɗawa da maganin rage kumburi. Daga baya sakamako ya gyaru saboda an koyi zaɓe, raga ɗaya doguwa maimakon tari, a kula da maganin hana daskarewar jini sosai, a yi wa wanda kumburinsa bai cika da gudan jini ba. Sai dai abun takaicin shi ne waɗanda suka fi cin moriya su ne waɗanda dannewar bata riga ta yi musu illa ba, wanda ya zo baya iya haɗiya baya iya tafiya, wanda ya fi kowa buƙata, shi ne sakamakonsa ya fi muni. Ni a nan nake ganin dalilin maimaita hoto, ba dan a kwantar da hankali ba, dan a kama girman tun ana da zaɓi.

Akwai wasu biyun da sukan shigo cikin wannan maganar duk da yanayinsu daban. Kabanoma wani dunƙulen ƙananan jijiyoyi ne masu siririn bango a cikin naman tushen ƙwaƙwalwar kansa, jini baya gudu da ƙarfi a cikinsa, hoton jijiyoyi na rini ma baya nuna shi sai MRI, yana tsiyaya ne kaɗan kaɗan, duk tsiyaya ya ƙara girma ya ture abun da ke kewaye. Wani nazari da ya haɗa bayanan marasa lafiya da yawa a 2016 ya nuna wanda nasa yake a tushen ƙwaƙwalwa kuma ya riga ya yi jini ko ya nuna alama, haɗarin zubar jini cikin shekara 5 kusan kashi 31 ne, wanda aka gani kawai ba alama kuma kashi 8. Raga ko zare basu da amfani a nan, ko a cire ko a bari. Galibi ana cirewa ne in ya yi jini sau biyu, ko ya taso har saman inda za a iya kai masa ba tare da an ratsa lafiyayyen nama ba, kuma sau da yawa akwai wata jijiyar mayar da jini mai kama da baƙuwa a gefensa wadda dole a ƙyale ta, dan ita ke kwashe jinin wajen. Haska shi da Gamma Knife har yanzu likitoci basu haɗu a kai ba. Ɗayan kuma shi ne cukurkuɗaɗɗun jijiyoyi inda jini ke tsallakawa daga mai kawowa zuwa mai mayarwa kai tsaye da ƙarfi, a tushen ƙwaƙwalwa an fi haska shi, amma sai ya ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya rufe kuma a tsakanin nan zai iya yin jini. Gwajin ARUBA na 2014 ya nuna cewa ga waɗanda nasu bai taɓa fashewa ba, waɗanda aka bari a kan magani sun fi waɗanda aka yi wa aiki tsira a 'yan shekarun farko, kusan kashi 10 suka mutu ko suka samu shanyewar jiki a kan kusan kashi 31, duk da an soki gwajin da gajartar lokacin bibiya.

In ruwa ne ya taru saboda an toshe masa hanya, wannan kam yana da sauƙi, a sa 'yar roba ta sauke shi zuwa ciki, kuma wani lokaci wannan kaɗai ke dawo wa mutum da tafiyarsa da hankalinsa ba tare da an je kusa da jijiyar ba.

A wajenmu abu biyu ne suka sa maganar ta shafe mu kai tsaye, hawan jini da mutane ke yawo da shi ba su sani ba ko suna shan magani sai sun ga dama, da kuma sikila, dan masu sikila sun fi saurin samun aniyurizim, sau da yawa fiye da ɗaya, kuma yakan fito a jijiyoyin baya. Mai sikila da ya ce kansa ya sara farat ɗaya irin saran da bai taɓa ji ba, kar a ce rikicin sikila ne a ba shi maganin zafi a kwantar. Haka duk wanda farat ɗaya ya fara gani biyu, magana ta karye, yana ƙwarewa, ko fuska ta mutu ta ɓari ɗaya jiki kuma ta ɗaya ɓarin, wannan na asibiti ne a ranar, ba na tofi a jira gobe ba, a yi tofin a mota. Hoton CT na yau da kullum baya nuna wannan yankin da kyau saboda ƙashin da ya kewaye shi, ana buƙatar MRI da hoton jijiyoyi. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da babban asibitin ƙasa na Abuja duk suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, ya fi a fara da su a san ainihin sunan matsalar kafin a sayar da gona.

Wanda kuma ya kai ga fita waje, ya tambayi likitan kai tsaye irin wannan aikin a wannan jijiyar guda nawa ya yi, me ake nema da aikin, hana fashewa ne ko rage dannewa, dan ba lallai a samu duka biyun ba, kuma alamun da suka daɗe ba lallai su tafi ba ko an cire abun da ya danne. In raga aka saka masa to aiki bai ƙare a filin jirgi ba, zai sha asfirin da Plavix, magungunan hana daskarewar jini, tare na aƙalla wata 6, asfirin kuma ya ci gaba da daɗewa, tsallake 'yan kwanaki dan magani ya ƙare ko dan an ji sauƙi yana iya sa ragar ta toshe. A wannan lokacin ba ƙaho, ba cire haƙori sai da sanin likita, ba haɗiyar magungunan ciwon jiki irin su diclofenac daga kemis. Ya dawo da faifan hotunansa duka, da takardar bayanin aikin, da suna da girman abun da aka saka masa, kuma tun kafin ya taso a san wane likita ne a gida zai karɓe shi da inda za a yi hoton bibiya na bayan wata 6 zuwa shekara.